Zabirar kaka: a ƙona, a sayar, ko a kai gidan tarihi?

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Daura ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba, kakanmu ya rasu wata uku ke nan. Wanzami ne, kuma yana ɗan taɓa duba. Da aka buɗe ɗakinsa an tarar da zabirarsa da ƙahoni da asake, da wata jakar fata cike da wuri da layu da ƙulle-ƙullen saiwoyi, da wani tsohon kundi. Baffanmu ya ce a cinna musu wuta domin kayan shirka ne. Wani dillali kuma ya zo har gida ya taya. Ni kuwa na ga hotunan irin waɗannan kaya a intanet, an jera su cikin gilashi a gidajen tarihin Turai. Me ya kai su can? Mu kuma yaya za mu yi da namu?"

Ɗana, Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Na yi shekaru masu yawa ina aikin rajista da kula da ma'ajiyar kayan tarihi, kuma tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kafin in yi nisa, ga amsar a dunƙule: kada ku yi gaggawar ƙyasta ashana, kada ku sayar wa dillalin nan ko nawa ya ba ku, sannan ka nemi duk tsohon da ya zauna da kakanka ka zauna da shi tun yana da rai. Na ukun nan ya fi sauran gaggawa, shi ne kuma mutane suka fi sakaci da shi.

Bari in fara da baffanka, domin ba na son ka ɗauke shi wanda bai san abin da yake yi ba. Yana da hujja. Hadisi ne ingantacce a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi kakkausar suka a rubuce-rubucensa ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari. Ni kaina ban taɓa watsa wuri don in san gobe ba, ba kuma zan ce ka yi ba. Inda na saɓa da shi shi ne da ya haɗa kayan ɗakin nan duka ya yi musu kuɗin goro. Ƙaho ai sunna ta san da shi: Bukhari ya ruwaito cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya biya mai yin ladan aikinsa. Askar da aka yi wa rabin yaran ƙauyenku askin suna da ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Saiwar sabara da sassaƙen maɗaci da bagaruwa tsirrai ne da Allah ya halitta. Layu kuwa iri-iri ne: wasu ayoyin Alƙur'ani ne zalla, kuma malamai sun yi saɓani kan rataya irinsu tun zamanin magabata, wasu kuma surkulle ne wanda babu malamin kirki da zai yarda da shi. Saura wuri. Shi kansa daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya yake fitowa, shi ne kuɗin kakanninmu kafin sulallan Bature. Wanda ya ajiye shi a akwati ya rubuta cewa da wannan kakanninmu suke duba, bai yi imani da duba ba, kamar yadda alhajin da ya tsaya ya kalli gumakan Fir'auna a Alƙahira bai bauta musu ba.

Yadda irin waɗannan kaya suka kai Turai kuwa, hanyoyin suna da yawa. A garin Ulm na Jamus akwai wani faifan katako na Ifa, wato duban Yarabawa, da ya fito daga masarautar Allada, a Jamhuriyar Benin ta yanzu, wanda tun 1659 yake cikin jerin kayan wani attajirin garin mai suna Christoph Weickmann. Yana cikin mafi tsufan kayan duba na Afirka da aka sani a Turai. Wasu da bakin bindiga aka ɗauke su. A 1878 wani ɗan kasuwar Beljiyam, Alexandre Delcommune, ya kai hari a Boma, bakin kogin Kwango, ya ƙwace wani gunkin katako mai ƙusoshi na wani basarake mai suna Ne Kuko. Basaraken ya nemi a mayar masa aka hana shi, yau gunkin yana gidan tarihin Tervuren a Beljiyam. Wasu masu su ne suka miƙa wa 'yan mishan da hannunsu bayan sun canza addini. Mishan ya ƙona wasu, ya aika gida da waɗanda suka ba shi sha'awa. Wasu kuma 'yan sandan mulkin mallaka ne suka ƙwace su a matsayin shaida a kotu, domin dokokin lokacin sun haramta abin da suka kira maita da tsafi. Akwai kuma waɗanda aka saya a kasuwa da yardar mai su, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Burazil. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi suka yi bore a birnin Salvador na Bahia. Galibinsu Yarabawa ne, akwai kuma Hausawa a ciki. Da aka murƙushe boren, 'yan sanda suka ciro layu daga jikin gawarwaki da na waɗanda aka kama, suka farke su, suka tarar da ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci. Wani bawa Bahaushe aka kira ya karanta musu. 'Yan takardun nan suna nan a ma'ajiyar takardun gwamnatin Bahia har yau. Ka duba fa: mutumin da aka raba da garinsu da iyayensa da sunan yankansa, abin da ya rage masa shi ne 'yar takardar da ke wuyansa, kuma da ita ce muka san cewa akwai masu karatun allo a cikin waɗanda aka loda a jirgi.

A fannin kayan magani babu wanda ya kai Henry Wellcome tarawa. Attajirin haɗa magunguna ne a Landan, ya mutu a 1936. Ya baza wakilai suna saye a wuraren gwanjo da hannun matafiya, har ya tara kaya sama da miliyan ɗaya, akwatuna da yawa ma ba a buɗe su ba har ya bar duniya. Burinsa shi ne ya nuna yadda magani ya taso daga abin da ya ɗauka duhun kai ne har ya kai ga asibitin Bature, don haka kayanmu a matakalar ƙasa aka ajiye su. Bayan mutuwarsa aka rarraba kayan, sama da 100,000 suna aro a gidan tarihin kimiyya na Landan. A Nuwamban 2022 cibiyar da ke ɗauke da sunansa ta rufe zauren da take baje kolin kayansa, ta ce da bakinta yadda aka tsara shi yana ɗauke da wariyar launin fata. Na yaba musu da faɗin gaskiya. Sai dai rufe zauren bai mayar wa ko laya ɗaya sunan mai ita ba. Kuma ka sani, abin da ka gani a gilashi ɗan kaɗan ne. Mafi yawa suna kwance a durowoyin ma'ajiya, daga lamba sai ƙura.

A nan nake son ka saurare ni da kyau. Kayan magani da na duba sun bambanta da tukunya ko sirdi, waɗanda da ka gani ka san aikinsu. Su rabinsu yana hannu, rabi yana ka. Ɗauki Ifa na Yarabawa: faifai ne, da ƙwarar kwakwar manja 16, da 'yar sandar ƙwanƙwasawa. Amma ainihin abin babi 256 ne, kowanne da baitoci masu yawa da babalawo, wato mai duban Ifa, yake shafe shekaru yana haddacewa, kuma wannan haddar ce hukumar UNESCO ta karrama a 2005. Gumakan Kwango masu ƙusoshi ma, ƙarfinsu a wurin masu su yana cikin ƙullin maganin da ake cusawa a cibiya a rufe da madubi ko wuri, kuma da yawa daga waɗanda ke Turai cikinsu wayam yake, an ƙwaƙule maganin. Laya mai kyan rufi ke nan.

Namu ya fi haka. Duban da ya fi yaɗuwa a ƙasar Hausa bugun ƙasa ne, kayan aikinsa kuwa rairayi da yatsa. Mai duba ya baje yashi a gabansa, ya ɗiɗɗiga layuka ba tare da ƙirgawa ba, ya bi su yana sokewa biyu-biyu ya ga cika ne ko mara, daga nan ya fitar da gidaje 16 da yake karantawa. Daga Larabawa aka samo shi, kuma ya kai har Madagaska inda suke yinsa da ƙwayoyin itace. In ya gama sai ya shafe da tafin hannu. To me mai tara kaya zai saka a akwati? Haka tseren 'yan bori, wato kayan da ke alamta iskokinsu. Kowane iska da kayansa: Malam Alhaji da tasbaha da fararen kaya, Ɗan Galadima da kayan 'ya'yan sarki, Mai Baka da ɗan ƙaramin baka da kwari. In ba a gaya maka ba, tasbaha ce kawai, bakan kuma ka ce na wasan yara ne. Wani sojan Ingila da ya yi aiki a Arewa, Manjo A. J. N. Tremearne, ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus ya rubuta sunayen iskoki da kirarinsu a littafin da ya fitar a 1914. Kallon raini yake yi wa mutanen da yake rubutu a kansu, amma ko ba komai ya tambaya ya rubuta. Yawancin masu tarawa ko wannan ba su yi ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. A wata ma'ajiya da na taɓa aiki, na jawo durowa na tarar da wani ɗan ƙarfe siriri mai lanƙwasa a baki, an ɗaure shi da guntun kara, an rataya musu 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Abin da ke jikinta lamba ce da kalma biyu: kayan tsafi. Ba gari, ba shekara, ba sunan mai shi. Haka ya kwanta shekara da shekaru. Ran nan wani dattijon wanzami ya rako jikansa, na fito da shi na nuna masa. Ko juya shi bai yi ba ya ce, "Ai wannan na cire beli ne, malam. Da karan ake danne harshen jariri, da wannan ake saƙalo belin a datse." Ya ɗauka ya nuna mini riƙon, babban yatsa a sama, manuniya ta tokare ƙasa, hannun yana rawa don tsufa amma riƙon bai kuskure ba. Sannan ya kai shi kusa da ido ya ce ƙirar bakin ba ta maƙeran garinmu ba ce. Kafin jikan ya gama zagaye ya cika mini shafi guda. Likitoci a yau suna hana cire beli saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma wanda ya rubuta "kayan tsafi" ya yi wa ƙarfen nan ƙazafi, ya kuma binne mana yadda kakanninmu suka fahimci ciwon maƙogwaro. Da tsohon nan bai zo ranar ba, da ƙazafin ne zai zauna a rajista har abada.

Sai kundin. Shi na fi jin tsoron ya shiga wuta. Mutanenmu da yawa ba su san Katsina ta fitar da malamin da sunansa ya shiga tarihin lissafi ta wannan ƙofa ba. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi ya tashi daga nan ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya yi rubutu kan yadda ake gina hatimi, wato murabba'in lambobi wanda in ka tara ta tsaye ko ta kwance ko ta kusurwa jimla ɗaya za ka samu. Mafi sauƙi shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Gwada ka gani, ta ko'ina 15 ne. Shi da mutanen zamaninsa sun ɗauki hatimi sirri ne mai aiki, masana lissafi na yau kuma saboda dabarar ginin suke karanta shi. Ba sai ka yarda da sirrin ba za ka gane cewa mai wannan aiki ƙwaƙwalwa gare shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya bar rubuce-rubuce kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Kundin kakanka zai iya zama kwafe-kwafen irin waɗannan. Zai iya ɗaukar sunayen itatuwa da ajami da yadda ake jiƙa su, har ma da ranar haihuwar mahaifinka ko shekarar wani fari a gefen shafi, don a nan tsofaffi suke ajiye irin wannan. A ba malami mai tsoron Allah wanda ya iya karanta rubutun hannu na da ya bi shi shafi-shafi. In akwai abin da ya saɓa wa tauhidi zai faɗa muku, sai ku yanke shawara kuna sane da abin da kuke yankewa.

Layu kuwa, mu a wurin aiki ba ma farke su sai da dalili mai ƙarfi, domin ɗinkin baduku in an warware ba ya komawa yadda yake. Manyan gidajen tarihi yanzu na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti suke sa musu, su ga abin da ke ciki ba tare da sun taɓa zare ba. Ku magada kuna da ikon da mu ba mu da shi. In malaminku ya ga a buɗe, a ɗauki hoto tukuna, a warware ta gefe ɗaya, a ajiye fatar da takardar tare. Abin da ba zan so ba shi ne a watsa su a bola alhali wataƙila sunan Allah ne a ciki.

Ka ji ana maganar dawo da kaya, kuma an samu ci gaba. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin ƙasar. A 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26, a 2022 kuma Jamus ta sa hannu kan miƙa wa Najeriya mallakar kayan birnin Benin sama da 1,000 da aka kwasa a harin da sojojin Ingila suka kai birnin a 1897. Duk abin da aka ƙwata da ƙarfi ya kamata ya dawo, a kan wannan ba na ja da baya. Amma lura da irin kayan da ake magana a kai: na fada ne, tagulla da hauren giwa. Zabirar wanzami da faifan 'yar mai ganye ba su da mai yi musu kuka. Abin da nake nema musu, tun kafin a zo maganar jirgi, shi ne a buɗe rajista: a sa hoton kowanne a intanet da duk abin da aka rubuta ranar da aka karɓe shi, cikin harshen da mutanenmu za su karanta, domin tsofaffin da suka rage su gyara kurakuran tun suna nan. Mu ma mu duba gidanmu. Ba zai yi kyau muna kukan abin da aka kwashe shekara ɗari da suka wuce, muna kuma sayar da wanda ya rage a bayan ɗaki ba.

Wannan ya kawo mu ga dillali. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a wata al'adar gargajiya kuma yake da muhimmancin tarihi, a matsayin kayan tarihi. Ta hana cinikinsa sai da wanda hukuma ta amince da shi, ta hana fita da shi waje ba izini. Mu a nan mun ɗanɗana kuɗarmu da wannan kasuwa. Mutum-mutumin yumɓu da aka riƙa tonowa a ƙasar Katsina da Sakkwato sun watsu a kasuwannin Turai, har suka shiga jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2000. Masu haƙar ba su rubuta daga wane rami kowanne ya fito ba, don haka labarin waɗanda suka ƙera su ya tafi tare da ƙasar da aka watsar. Dillalin nan haka zai yi muku. Zai raba ƙahonin da zabirar, ya sayar da layun ɗaya-ɗaya, ya ƙaga musu labarin da zai ƙara musu kuɗi, sunan kakanka kuwa shi ne farkon abin da zai yar.

To, je ka wurin baffanka da ladabi, kada ka je masa da gardama. Ka ce, "Baffa, a ba ni wata guda in rubuta abin da ke ciki, bayan nan duk abin da manya suka yanke shi ke nan." Da wuya dattijo ya ƙi wannan. Shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yadda ka same su, abin da ke ɗaure tare kada ka raba. Kowanne ka ba shi lamba, ka ɗauki hotonsa da waya gaba da baya, da kwalin ashana a gefe don a gane girmansa. Kada ka wanke, kada ka shafa wa fata mai, kada ka kankare tsatsa. Leda kuma ka nisance ta, tana tara gumi fata ta yi hunhuna. Ƙyallen auduga da akwatin ƙarfe a kan bulo, nesa da bango saboda gara, sun wadatar. Asake da ƙahoni sun taɓa jinin mutane, ka riƙe su da safar hannu, kada kuma wani ya ce zai ci gaba da aiki da su. Ƙulle-ƙullen maganin kada kowa ya ɗanɗana. Cikin itatuwanmu akwai irin su zaƙami da tinya masu illa, kuma wanda ya san awon kowanne ya riga mu gidan gaskiya. Mu ma a ma'ajiya ba ma taɓa tsofaffin kaya da hannu tsirara, saboda a da da gubar asinik da DDT ake kare su daga ƙwari.

Sannan babban aikin. Kai mutumin Daura ne, ka san rijiyar Kusugu in aka cire mata labarinta rami ne mai ruwa kamar kowane. Kayan kakanka ma haka. Nemi kakarka in tana raye, da yaron da yake riƙe masa zabira zuwa gidan suna, da maƙerin da yake wasa masa aska, da abokan hirarsa na ƙofar masallaci. Ka ɗora musu abu a hannu ka yi shiru, ka bar wayarka tana naɗar murya. Yaya sunansa? Wa ya ƙera shi? Daga wa ya gada? Wace cuta ake yi wa? Saiwar nan da rani ake tono ta ko da damina? Me yake faɗa in zai kafa ƙaho, da me yake toshe ɗan ramin bayan ya zuƙe iska? Abin da suka ce sun manta, ka rubuta cewa sun manta, kada ka cike gurbi da naka. Sirrin marasa lafiyan da ya yi wa aiki kuwa amana ce, ko an gaya maka suna kada ka rubuta.

In wata ya cika kuka ga za ku riƙe kayan a gida, babu laifi, gado ne. In kuma kun fi son su fita daga gidan don hankalin baffa ya kwanta, gidan tarihin ƙasa na Katsina yana tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Ku je da kayan tare da littafinka da muryoyin, ku nemi takardar shaida da ta bayyana ko kyauta kuka ba da ko ajiya, ku faɗi sharaɗinku in kuna da shi, misali a rubuta sunan tsoho ko kada a baje layun a gilashi, kai kuma ka riƙe kwafin komai. Ko da manya sun ce wurin dai sai an binne shi, ba zan ce sun yi laifi ba, matuƙar hotonsa da labarinsa sun shiga littafi.

Fara da kakarka. Gobe bayan la'asar ka tafi mata da goro, ka ajiye zabirar a gabanta, ka tambaye ta wa ya ba shi ita.